Raki Ta Kashe Wutarta

Shekara tara maigidana Kamaldeen yana jan babbar mota daga Birmingham zuwa Manchester, kullum da dare, ya kai kayan lambu ya dawo bayan gari ya waye. Yana shigowa 'yarmu Sadiatu tana ɗaura takalmin makaranta, in ta dawo kuma yana barci. Abin da ke haɗa su bai wuce "Baba, sannu" ba, shi ma a bakin ƙofa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, don ina ganin yarinya za ta girma ta bar gida ba ta san wane irin mutum ne ubanta ba.

A 2004, tana da shekara goma sha huɗu, ta kamu da rubuta labaran dodanni da takubba masu magana. Wata Lahadi, ranar hutun babanta, ta zauna a kicin ɗinmu na unguwar Small Heath tana karanta mini wanda za ta kai gasar makaranta. Turanci take zubawa, ni ina feren doya ina tsintar abin da na tsinta. Jarumar labarin wata Raki ce, za ta ratsa daji ta kai magani garinsu. Ta zaɓi tafiyar dare don kada sojojin wani mugun sarki su gan ta, ta kuma ɗauki ƙatuwar wuta a kan sanda.

Ashe mutumin da na ɗauka yana gyangyaɗi a kujera, kunnensa na wajenmu.

"Ki ce ta kashe wutar nan," in ji shi.

Sadiatu ta juyo da mamaki. "Baba, it's dark. Akwai dodanni fa."

"Wuta taku biyar za ta nuna mata, ita kuwa daga nesa za a hango ta. Ta kashe, ta ɗan tsaya, ido zai saba."

Ni kaina na ajiye wuƙa. Mutumin da sai an yi da gaske ake jin kalma goma a bakinsa, sai ga shi yana bayani tiryan-tiryan. Ya ce tun yana yaro yake bin mahaifinsa da shanu daga garin Bawku, kuma dare yana da ranarsa: ga sanyi, ga hanya fayau, babu mai tare ka yana tambayar ina za ka. Ƙara ma tana zuwa daga nesa, za ka ji abin da ke tahowa kafin ya iso.

"To, dodon fa?" Sadiatu ta tambaya.

"Bar dodo. Barci ne abin tsoro. Gab da asuba, in ta ji zuciyarta na cewa ɗan zauna minti ɗaya, to shi ne ya zo. Ta tauna goro, ta yi waƙa, ta mari kanta in ta kama. A babbar hanyar M6 na ga abin da minti ɗayan nan ya yi wa direbobi, ba zan faɗa miki ba."

Yarinya ta sunkuya tana rubutu kamar za ta huda takarda. Lahadi uku suna wannan zama, ni an mayar da ni mai kawo shayi. Har kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi ya burge ni, yadda ya san dare ciki da waje, kuma bai taɓa yi mana ƙorafinsa ba.

A Lahadi ta huɗu ta ce za ta karanta masa ƙarshen, da Hausa. Hausar tata tana ɗingishi, amma ba wanda ya yi dariya. Raki ta kai magani lafiya. Mutanen gari suka ga babu wanda ya san dare kamarta, sai suka mayar da ita 'yar aikensu, tana tafiya da dare tana barci da rana, shekara da shekaru. Ta haifi 'ya mace. Wata rana 'yar ta shiga maƙwabta ta tambaye su, "Wace ce matar nan da ke barci a gidanmu?"

A raina na ce yau yarinyar nan ta ja wa kanta faɗa.

"Wannan ban faɗa miki ba," in ji Kamaldeen a hankali.

"No, Baba. Wannan ni na sani."

Can ya ce, "'Yar ta yi fushi da uwar?"

"Ban rubuta wajen ba tukuna."

"To, kada ki rubuta. Ki ba ni mako biyu."

Washegari Litinin bai kwanta barcin rana ba. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, ya hau bas zuwa ofishin kamfaninsu don ya roƙi a mayar da shi aikin rana.