Hawan Dutsen Balge

Shekara tara Haladu ya yi yana yawo da majigin gwamnati tsakanin Gummi da Anka da Bukkuyum. Shi ke kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, shi ke tada inji, shi ke karanta bayani a lasifika: yadda ake zuba takin zamani, yadda ake kai shanu allura. Amma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa haska fuskar wanda ya sani ba, abin kuwa yana cin sa a rai.

A 1982, da wani malami Ba'indiye zai koma ƙasarsu, ya bar masa 'yar kyamarar ɗaukar fim da naɗi biyar. Kowane naɗi minti uku yake yi, kuma hoto kaɗai yake ɗauka, ban da murya.

Haladu ya san inda zai kai ta. Marigayi ubansa ya taɓa gaya masa cewa shi uban a kan Dutsen Balge aka haife shi, can kudu da Bukkuyum, tun kafin mutanen wurin su sauko. Haladu bai taɓa zuwa ba. Lokacin da yake makaranta a Sakkwato ma ɓoye zancen yake yi, don kada a ce masa ɗan dutse.

Da kaka ta yi ya ɗauki hutu. Babur ya kai shi bakin gulbi, daga nan ya yi ta ƙasa har wata tunga a gindin dutsen. Ya tambayi wanda ya san hanyar sama, aka nuna masa wata tsohuwa mai suna Saude, tana sheƙar gero.

"Inna, za ki iya hawa kuwa?" ya tambaye ta.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai dai ka ji da ƙahwahunka, ɗan birni."

Washegari da hantsi suka kama hawa. Tun ba su yi rabi ba Haladu ya fara haki, Saude na gaba da sandarta. Ya ƙarar da naɗi biyu kan birai da gonakin da ke shimfiɗe can ƙasa. A saman kuwa kufai ne: ganuwar duwatsu ta zube, kukoki sun tsaya jefi-jefi, ga ramukan niƙa a kan falalen dutse, sumul don tsufa.

Da ƙyar ya iya tambaya, "Ina gidan Shitu? Kakana ne."

Saude ta tsaya cak. Ta ja shi har gindin wata tsamiya, ta tona ƙasa da sanda, ta ɗauko wani baƙin dunƙule mai nauyi ta ɗora masa a hannu.

"Kashin tama na. Kakanka maƙeri na, nan yaka narka ƙarhe. Duk hauyad da ta noma gangaren ga, hannunai ta hito. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya masa ba. Ya daɗe tsaye da dunƙulen a hannu, kunya da murna sun haɗe masa, har ya manta da kyamarar.

Ita kuwa Saude ta durƙusa gaban wani ramin niƙa, ta ɗauki dutse ta fara gurzawa, tana rera waƙar da matan garin ke yi a da, mai lissafa gidajen Balge ɗaya bayan ɗaya. Haladu ya yi sauri ya ɗauka har naɗin ya ƙare. Sai ya zauna ya dafe kai.

"Mi ya hwaru?" in ji ta.

"Abar nan ba ta jin murya, Inna. Waƙar ta tafi."

"In ita kurma ta, kai ma kurma na? Zamna nan."

Ta sa shi maimaitawa baiti-baiti, tana gyara masa, tana yi masa dariya, har rana ta karkata. Sai da ya rera ta duka ba tuntuɓe ta yarda suka sauko.

Ya aika da fim ɗin wanki ta hannun wani direba mai zuwa Ikko, wata huɗu ya yi kafin ya dawo. Naɗi biyun farko fari fat, rana ta cinye su. Na ukun kuwa ya fito ras.

Ya ari injin wurin aiki ya koma tungar. Bayan magariba aka kafa ƙyalle a jikin rumbu. Da Saude ta bayyana tana niƙa, wurin ya kaure da shewa. Haladu ya riƙe lasifika, babu takardar karantawa a hannunsa, ya buɗe baki ya rera waƙar da muryarsa mai kaushi. Tsofaffi suka amsa. Wata ta fashe da kuka da aka ambaci gidan ubanta. Sau huɗu aka sa ya maimaita.

Da aka watse, wani makiyayi mai suna Arzika ya tare shi ya ce, "In ruwa ya sauka muna ƙetare gulbi da shanu ɗari uku. Ka zo ka ɗauka, jikokina su gani."

Haladu ya ce zai zo. Yana isa Gummi ya rubuta wa malamin nan Ba'indiye wasiƙa a aiko masa da naɗi goma, ya kuma fara zuwa gulbi da la'asar yana koyon iyo.