Wa Za a Gaishe Maka a Urafane?

Shekara goma sha huɗu Mumuni ya yi yana rubuta labarin Urafane a intanet. Ya fara ne shekarar da hatsi ya ƙi, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai. Samari sun watse neman abinci, wasu Agadas, wasu Kano, wasu har Libiya. Sai ya buɗe shafi, irin wanda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke ce wa bulog, ya sa mishi suna Bakin Rijiya. A lokacin sai ya hau motar kasuwa zuwa Tasawa da kayensa, littafin da yake rubutu a ciki, a hammata, ya zauna a siber, shagon intanet, yana danna harufa da yatsa ɗaya.

Ba wani babban abu yake rubutawa ba. Wa ya rasu, wa aka yi wa haihuwa, rijiyar wane ƙauye ta rufta. In ruwa ya sauka, ya fita gona ya tona ƙasa da hannunsa, ya faɗa wa mutane inda damshi ya kai, ko tafin hannu ne ko gwiwar hannu. Ranar kasuwa kuma yakan rufe da magana ɗaya: "Cukun Tanna ya fito." Tanna tsohuwa ce mai sayar da cuku a gindin itacen bedi, kusa da rumfar da Mumuni ke sa wa mutane caji da hasken rana. In cukunta ya fito, to akwai sauran ciyawa a daji, dabbobi na ba da nono. Abin da yake nufi ke nan.

Yanzu ga shi soja sun sake dawowa, damina ta sake yankewa gero na cikin bununi. Mumuni ya yi furfura a gemu, idonsa na ruwa in ya daɗe yana duban waya. Abin da ya fi cin ransa shi ne shiru. Sai ya yi wata uku ba wanda ya rubuta mishi ko "sannu" a ƙarƙashin labari.

Wata ranar bazara ya faɗa wa abokinsa Mushe Hamidu, diraktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, cewa zai rufe shafin kafin ruwan fari.

"Kai dai da ƙorafi kamar tsohuwar akuya," in ji Hamidu. "Ka yi sondaji mana, ka ƙirga masu karatunka. Tambaya ukku, c'est tout. Sunanka, garinku, ku nawa ne ke karantawa. Haka ake yi ko'ina."

"In ba su amsa ba fa?"

"To sai ka rufe, ka huta, mu ma mu huta da labarin rijiya."

Mumuni ya rubuta tambayoyin kamar yadda aka tsara mishi, ya sa lambar wayarsa a ƙasa. Ya ɗaukar wa kansa alkawari, in ruwa ya sauka bai ga masu karatu ba, ba zai ƙara tona ƙasa don kowa ba.

Sati biyu suka wuce. Amsa huɗu ta zo. Ɗaya Hamidu ne da kansa. Ɗaya wani ne daga Maradi da ya rubuta "du courage", wato a ƙara ƙoƙari, bai faɗi sunansa ba. Biyun da suka rage tambaya suka yi, ko rabon shinkafa za a yi ne ake ɗaukar suna.

Ranar kasuwa Tanna ta shimfiɗa tabarmarta, ta jera cuku a kan faifai, ta dube shi.

"Ɗana, mi ya same ka? Ka yi zuru kamar jakin da aka manta a bakin rijiya."

Ya ba ta labari duka, har da alkawarin da ya yi. Ta saurara tana korar ƙuda da gefen mayafinta.

"Sake faɗa mini tambayoyin."

Ya sake faɗa.

"Wa ya ba ka wagga dabara? Mushe ko? Na sani." Ta girgiza kai. "Mumuni, kai ma ɗan garin nan ne. In aka tambayi uwarka ɗiyanta nawa, faɗi take yi? Cewa take sun gode Allah. Awaki ake ƙirgawa. Mutum in ka ƙirga shi, ko haraji ne ko baki ya kama shi. Ga shi kuma zamanin kaki, mutum na ƙasar wasu ba takarda, ka ce ya rubuta sunanshi da inda yake kwana?"

Mumuni ya sunkuyar da kai. Shi kansa bai taɓa faɗin yawan 'ya'yansa a gaban mutane ba.

"To Inna, ƙaƙa zan san ko da mai ji?"

"In direba zai tashi zuwa Agadas, mi mutane ke bi shi da shi har bakin mota?"

"Saƙon gaisuwa."

"To." Ta juya ga wata mai ciniki. Sai da matar ta tafi ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube shi ba, "Abin nan naka, shina kaiwa can arewa sosai? Bayan Agadas?"

"Shina kaiwa, Inna."

Ta ci gaba da gyara cukunta a kan faifai. Mumuni ya san dalilin tambayar. Ɗanta na fari, Gazali, ya tafi Libiya shekara huɗu ke nan, shekara biyu kuma ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Ɗan fari ne, kunya ba ta barin ta ambaci sunansa, balle ta nuna tana kewarsa.

Kafin la'asar Mumuni ya goge tambayoyin ukun. Ya rubuta guda ɗaya: "Wa za a gaishe maka a gida? Ba sai ka faɗi sunanka ba. In ba ka rubutu, aiko da murya."

Washegari da hantsi wayar ta fara kuka, ba ta daina ba. Muryoyi ne, bokal bisa bokal. Wani daga wurin haƙar zinariya ya ce a gaida limamin unguwarsu. Wata daga Katsina ta ce a gaida ƙanwarta Talatu da ke aure a Hawandawaki, a ce mata ta ji labarin tagwayen. Wani makiyayi ya ce a gaida duk mutanen Maireyrey, amma ban da wanda ya sayar mishi da raƙumi mai tari. Mumuni ya ɗauko tsohon kayensa yana rubuta sunan waɗanda za a gaisar, har tawadar bik ɗinsa ta ƙare ya ari na mai shayi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani dogon saƙo ya shigo daga Sabha ta ƙasar Libiya.

"Malam Mumuni, Cindo ne, ɗan Mayahi. Mu nan waya ɗaya gare mu mai intanet. Duk Juma'a Abdussalamu ke karanta muna Bakin Rijiya, don shi ya yi lakwal. Da ka ce damshi ya kai gwiwar hannu, masu gona ke ɗaure kaya su nufi gida. Mun ga tambayarka ta farko, muka ce halan an matsa maka ne. Ga su nan, kowa zai faɗi nashi."

Wayar ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Ana jin dariya, ana jin "kai miƙo, ka cika surutu." Can ƙarshe sai wata murya ta fito a hankali.

"A gaida tsohuwa mai cuku ta gindin bedi. A ce mata ina nan da raina. Ban samu abin da na fito nema ba, shi ya sa na kasa kira. Amma duk sati ina sa a maimaita mini wurin da ka ce cukunta ya fito. In na ji haka na san ta tashi lahiya."

Mumuni ya saurara sau uku. Bai jira ranar kasuwa ba. Ya rufe rumfa, ya bi rairayi da ƙafa har gidan Tanna a bayan gari. Ya same ta tana tace nono a ƙwarya. Bayan sun gaisa ya ce an aiko shi, ya danna wayar ya ajiye a kan tabarma.

Ta ji har ƙarshe, hannunta na riƙe da ƙwaryar. Nonon ya ɗan zuba a ƙasa, ba ta lura ba.

"Wanga yaro," ta ce, "har yanzu bai iya ɗaga murya ba." Ta goge fuska da mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali ba wuta a murhu. "Sake kunna mini, ban ji wurin farko da kyau ba."

Ya sake kunnawa. Da ya tashi tafiya ta naɗe mishi cuku biyu a ganye.

"In ka tashi rubutunka na kasuwa, ka ƙara da cewa gonar gabas tana nan, ba a ba kowa aro ba. Ba don kowa na faɗi ba. Labari ne dai."

"Zan sa, Inna."

Kwana tara bayan haka hadari ya haɗo daga gabas da rana tsaka, aka yi ruwa har kwatami ya cika. Da ya ɗauke, Mushe Hamidu ya biyo ta hanyar gonaki a kan moto, babur ɗinsa, ya tarar da Mumuni a durƙushe, hannunsa cikin ƙasa.

"Mai rufe shafi! To, résultat? Su nawa ne?"

"Ban ƙirga ba."

"Wane irin sondaji ne ba adadi?"

"Ni dai na san ina da gaisuwa da ban kai ba a Hawandawaki, ga ta Maireyrey shafi biyu. Gobe ka ara mini moton nan."

"Da esansinka dai, kai za ka zuba mai."

Mumuni ya zaro hannunsa ya duba. Jiƙaƙƙen rairayi ya manne har gwiwar hannu. Ya goge yatsunsa a jikin riga, ya ciro wayar daga aljihu, ya fara dannawa da yatsa ɗaya.