Tasar da Aka Yi wa Haƙora

…kuma ba ta kowa ba, tasarta! Tasar tagullar da Tamada ta rungumo a ƙirji ran da motar gwamnati ta kwashe su daga tsohon gari — ita Mainasara ya yanka. Ɗanta, namiji har da furfura a gemu, ga shi durƙushe a ƙofar ɗaki yana fiƙe wa gindin tasa haƙora da magagari. Wai agogon mahaifinsa da ya karye a motar zai tayar. Wai faifan nan mai haƙora shi ke riƙe lokaci: ƙugiya ta kama haƙori, ta saki, ta kama na gaba, in babu shi komai zubewa zai yi gaba ɗaya.

Zubewa! Ita za a gaya wa zubewa? Da ruwan Kainji ya hau gari, wace ƙugiya ta riƙe shi?

A tsohon gida, inuwar tsamiya ta taɓa dutsen niƙa — azahar. Ta kai gindin rumbu — la'asar. Shi ke nan. Marigayi ma don ado ya rataye agogon. In zai yi alwala ita Tamada yake kallo. Yanzu kifi ke yawo cikin rassan tsamiyar… Nan kuwa? Ɗakunan siminti a jere, ko itacen da akuya za ta raɓe babu. Ladan an sauke shi can ƙarshen gari, iska ba ta kawo muryarsa. Jiya sai da surukarta ta ce, "Inna, la'asar fa ta wuce." Ita! Ita da mata ke leƙo katanga su ga ko ta ɗauki buta!

Mainasara ya kafa faifan a agogon, ya ɗaura dalmar tarun kifi a sandar lilonsa, ya tura. Ƙas… ƙas… ya tsaya. Ai da ma! Tasar da ta gada wurin uwarta ta tafi a banza… Ya goge haƙori ɗaya, ya sake turawa. Ƙas… ƙas… ƙas… bai tsaya ba.

Ta duba ƙasa. Inuwar bango, baƙuwa, ba ta ce komai ba. Azahar ta yi? Ta wuce? Ga buta a hannu —

"Kai. Abin naka… mi ya ce?"

Mainasara ya ɗora yatsa kan hannun agogon, ya kasa juya shi. Ya waiwayo yana kallonta, irin kallon ubansa sak.

Ita yake jira ta faɗa masa lokacin.