Filashin Bamalli

Ni na kawo maganar sababbin wayoyin, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara shida ina riƙe da ofis a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Kurmin Sarki, kuma duk shekarun nan da waya ɗaya muke aiki, wata tsohuwar rakani-kashi da aka ɗaure bayanta da roba. Kullum tana aljihun Sista Alheri, babbar unguwarzomarmu. In tana ɗakin haihuwa wayar na can, in ta tafi coci wayar ma ta tafi coci. Abin ya ishe ni. Na yi ta damun Dakta har ya gaji ya ce, Rabi'a, yi yadda kika ga dama.

Ranar Litinin Eugene, ma'aikacin kamfanin wayoyin, ya zo daga Abuja da kwali a hammata. Ya fito da wani ɗan akwati da bai wuce sabulun wanki ba, ya jona shi da na'urar intanet ɗinmu, sannan ya jera wayoyi huɗu marasa igiya a kan teburina. Kowace sai ya danne mata maɓalli har fitilar akwatin ta daina ƙiftawa, ya koma kwamfuta ya ba ta lambarta: ta ofis, ta ɗakin haihuwa, ta Dakta, ta ɗakin magani. Ya ce kira yanzu ta intanet zai riƙa shigowa, kwamfutocin kamfani ne za su raba shi. Tsohuwar lambarmu kuwa ya juyo ta nan, ba sai an sanar da kowa ba.

Saura gaisuwar da mai kira zai fara ji. Ni na ɗauki muryata, sau tara ina maimaitawa sai da ta fita yadda nake so: barka da kira, don ɗakin haihuwa danna ɗaya, don Dakta danna biyu. Rannan kaina ya fi ƙarfin ɗankwalina.

Talata ta wuce lafiya. 'Yan ofis-ofis masu zuwa aiki Abuja sun kira sun yaba, na ce ai ci gaba ke nan. Ranar Laraba da yamma Sista Alheri ta tsaya a ƙofata tana juya sabuwar wayar a hannu.

"Rabi'a, matan ƙauye sun daina haihuwa ne?"

Na ɗauka haushin raba ta da rakani-kashi ne, na yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce Mas'uda ce a ranta, wata mai ciki wata takwas daga wani ƙauye bayan Izom, wadda ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau. Ta gaya wa mijinta Bamalli cewa da zarar ta yi ciwon kai ko ganinta ya dushe, ya yi filashin, wato ya bari ta yi ƙara ɗaya ya kashe, ita za ta kira shi. Haka take yi da duk mutanen ƙauye, don kati ba ya kwana a wayarsu. Na ce to ta kira shi mana. Ashe ba ta taɓa adana lambar kowa ba, wanda ya yi filashin shi take bi.

Ranar Alhamis na kasa zama. Na gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na fita da tawa har bakin titi wajen masu keke, na dawo. Na kira asibitin da wayar hannuna, muryata ta amsa tangaram, na danna ɗaya, ta ɗakin haihuwa ta yi ƙara. Komai lafiya, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Sista ta leƙo sau uku.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na kira Eugene. Ya ce in daina tayar da hankalina, daga can yana gani, babu kira ko ɗaya da aka rasa, duk an amsa. Na ce wa ya amsa? Ya ce na'ura mana, ai kafin a yi ƙara ɗaya ta ɗauka.

Na buɗe shafin kiraye-kiraye a kwamfuta. Ga su nan a jere tun Litinin, sun fi sittin, kowanne an rubuta an amsa. Daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa biyu. Mutane na yin filashin, muryata na cafkewa, su kashe da sauri, ba wayar da ta yi ƙara a asibitin balle a bi su. Wata lamba ta fito sau goma sha ɗaya tun bayan asuba. Na ƙarshen ya daɗe, daƙiƙa arba'in da bakwai, daga nan ba ta sake fitowa ba.

Na kira. Tun kafin in yi sallama namiji ya ce Sista ce? Na ruga na miƙa mata. Ban ji me ya faɗa ba, na dai ga ta cire takalmin ofis tana neman direban asibiti da ido. Mas'uda ta fara jijjiga tun ƙarfe tara.

Sun dawo da ita bayan azahar, aka wuce da ita tiyata. Na zauna, na tashi, na goge teburin da ba shi da datti. A tsakanin nan na sa Eugene ya cire gaisuwar, ya bar wayoyin huɗu su riƙa ƙara tare, ya ce an gama cikin minti biyu. Minti biyu kacal. Na bi sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri.

Ana kiran la'asar Sista ta fito. Mas'uda ta rayu. Yaron bai zo da rai ba.

Na tarar da Bamalli a kan bencin waje, siriri, da ƙasar gona a ƙafarsa. Na yi masa ta'aziyya, ya ce haka Allah ya so, ba mai zama ba ne. Har godiya ya yi mini da na kira. Sai ya ce yana da tambaya in ba zan ji haushi ba.

"Hajiya, wata mata ce take ɗauka. Da na ga abin ya yi tsanani na ce bari in gaya mata kawai. Na ce matata ba ta gani, na faɗa har sau uku. Ita kuwa sai maganarta take yi, har katina ya ƙare. Ba ƙararta nake kawowa ba, amma a yi mata faɗa ta riƙa saurarar mutane. Sabuwar ma'aikaciya ce?"

Wayar tana hannuna. Da na ce na'ura ce, da ya yarda, kuma ba ƙarya na yi ba.

"Ni ce, Malam Bamalli," na ce.