Wa Ya Yi Kiwon Maraƙin?

Shekara goma sha ɗaya Malama Kyauta ta yi tana koyar da matasa a makarantar Lahadi ta 'yar majami'arsu da ke Goronyo, amma ba ta taɓa shirya darasi saboda mutum ɗaya ba sai wannan karon. Mutumin kuwa Ishaya ne, babban ɗan Baba Ɗantani. Gobe Litinin zai hau motar albasa ta Uwaisu direba ya yi kudu, ya kuma faɗa wa uwarsa ƙiri-ƙiri cewa in ya tafi kada a sa ran ganinsa. Uwar ce ta zo wa Malama da kuka ran Juma'a.

Dalilin kowa ya sani, ko dai kowa yana ganin ya sani. Ƙanensa Barnaba ne ya ɗauke injin ban ruwan gidansu bara da kaka, ya sayar, ya bi masu haƙar zinariya. Wata bakwai ko labarinsa babu. Ishaya ya ƙare rani yana shayar da albasa da bokiti, har kafaɗunsa suka yi kanta. Ran nan kwatsam sai ga Barnaba, a rame, ko takalmi babu. Uban ya rungume shi, aka yi yanka, aka kira maƙwabta Kirista da Musulmi aka ci aka gode wa Allah. Tun daga ranar, wata uku ke nan, ko ci kanka Ishaya bai ce wa ƙanensa ba.

Malama ta ce ita dai ba a gaban idonta za a yi wannan tafiya ba. Wanda ya san ta kuwa ya san ba barazana take yi ba, in ta sa abu a gaba sai dai kai ka gaji.

Ajin nata benci uku ne a gindin dogon yaro bayan majami'a. Yara tara: 'ya'yan 'yan sanda, na ma'aikatan dam, da na manoman rani irin su Baba Ɗantani da suka taso daga ƙasar Zuru tun da daɗewa. Ishaya ya zauna a wannan bakin, Barnaba a wancan, ka ce akwai wuta a tsakani.

Ta ba su misalin nan na uba mai 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya karɓi rabonsa ya tafi ya cinye, yunwa ta koro shi gida. Uban ya hango shi ya ruga ya tarbe shi, ya sa aka yanka maraƙin da ake kiwo. Babban ya dawo daga gona ya ji kiɗa, ya yi fushi ya ƙi shiga. Da ta iso nan sai ta ja muryar, ta yi bayanin taurin zuciya, ta sake yi. Wai ita ba da kowa take ba, alhali idonta bai bar kan Ishaya ba.

Ta ce, "To, mi munka koya?"

Rifkatu, 'yar wani kofur, wadda kullum amsarta a baki take, ta ce, "Mu yahe ma 'yan'uwanmu, Malama."

"Madalla. Akwai mai tambaya?"

Ishaya ya ɗaga hannu. Zuciyar Malama ta yi fari, ta ce a ranta an zo wurin.

Ya ce, "Malama, maraƙin nan da anka yanka, wa yay yi kiwo nai?"

Ta yi sororo. Ta duba littafin hannunta, ko da yake ta san abin da ke ciki kamar sunanta. "Ba a faɗi ba, Ishaya. Kuma ba shi na muhimmi ba."

Ai kuwa kamar ta taɓo gidan rina. Yaran nan a gaban dabbobi suka tashi, ba a yi musu wannan wayon. Wani ya ce maraƙi ba ya ƙiba don kansa, sai an yi ta kai masa harawa da dusa safe da yamma. Wani ya ce uban tsoho ne, ƙaramin kuma ba ya gari. Rifkatu ta ce ko barori ne ke zubawa, ai wanda ke gona shi ke yanko ciyawar. Malama tana ta a yi shiru, babu mai jin ta.

Can sai Barnaba ya yi magana, kansa a ƙasa. "Ragon Yaya na anka yanka mani."



Ishaya ya miƙe. "Shekara biyu ina kiwo nai, Malama. Saura kwana goma Layya, in kai shi kasuwa in samo muna wani inji. Ina fadama sa'ad da anka kada shi. Na dawo na iske fata tai a shanye bisa danga. Wa yat tambai ni? Har yau wa yac ce mani sannu?" Ya juya ya tafi abinsa.

Kunya ta rufe Malama Kyauta tun daga kai har ƙafa. Ta ci naman nan! Ta ci, ta yaba kitsensa, har an ƙunsa mata wani ta kai gida. Ita ga mai wa'azin taurin zuciya, ashe da haƙoranta aka cinye wahalar yaron. Ta sallami aji, ta zauna ita kaɗai a kan benci ta sake bin misalin a hankali. Sai ga wani wuri da kullum take wucewa a guje don ta kai ga faɗan babban: da ɗan ya ƙi shiga, uban bai aika bara ba, bai kuma zauna a ciki yana jiran a zo a durƙusa masa ba. Da ƙafarsa ya fito ya lallashe shi. Ashe ba yaran ne suka fi bukatar darasin yau ba.

Da la'asar ta iske Baba Ɗantani a zaure yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga cikin ta ajiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai, ba ta rage ba.

Tsohon ya murtuke. "Ke Kyauta, rago cikin gidana, ba nawa na ba? Ɗana ya tashi daga matattu, in tsaya neman izinin yaro?"

"Baba, ba wanda yac ce kun yi laihi da kunka yi murna. Amma an ɗauki abin yaro ba a ce mai komi ba. Ku ba shi haƙuri."

"Ni? In ba ɗan cikina haƙuri? Ina anka taɓa yin haka?"

"Cikin littahin da kuke karanta muna ran Lahadi, Baba. Uban ya hito waje."

Ya ce ta tashi ta ba shi wuri. Ba ta tashi ba, sai ma ta jawo kwando ta shiga taya shi tsintar albasa, tana yi tana maimaita maganarta. Ya yi faɗa, ya yi shiru, ya sake faɗa. Da rana ta yi ja ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Gobe da sahe ina tasha. In kun zo kun iske ni. In ba ku zo ba, ni zan tsaya in ga tahiyar ɗanku a madadinku."

Washegari tun kafin bakwai tana wurin. An gama lodi, Ishaya yana can bisa buhunan albasa da 'yar jakarsa, ya kau da kai. Ta ja Uwaisu gefe ta roƙe shi ya ɗan jinkirta.

Uwaisu ya shafa gemu. "Malama, albasa ba ta son rana. Amma Baba Ɗantani maƙwabcinmu na, ni ma na ci ragon nan." Ya je ya buɗe gaban mota, ya tsaya yana ƙwanƙwasa abin da lafiyarsa ƙalau.

Bakwai da rabi ta yi. Masu kaya suka fara ƙunƙuni. Malama tana tsaye a gaban motar, hannu a ƙugu, idonta a kan hanya. Uwaisu ya rufe gaban mota ya dube ta, ta ce masa minti biyar, don Allah.

Sai ga tsohon tafe da rigarsa ta zuwa sujada, Barnaba na biye da shi nesa kaɗan. Ya tsaya a gindin motar ya ɗaga kai.

"Ishaya."

Ishaya bai motsa ba.

Baba Ɗantani ya dubi 'yan dako, ya dubi masu shayi, duk idonsu a kansa. Sannan ya tattara rigarsa, gwiwoyinsa na ƙara, ya tsuguna a ƙasa a gaban jama'a.

"Ragonka na. Na ɗauka ban tambai ka ba, kuma na ga kahwaɗunka ban ce sannu ba. Ka yahe mani, ɗana."

Malama ba ta ga lokacin da Ishaya ya diro ba, sai ganinsa ta yi ya zube ƙasa a gaban uban, yana kama hannunsa. "Baba ku tashi! Don Allah ku tashi, mutane na kallo!" Kuka ya ci ƙarfinsa. Ita ma ta ja bakin gyalenta ta share ido, ba ta damu da wanda ya gani ba.

Barnaba yana tsaye can gefe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ishaya ya ɗago, fuska sharkaf, ya dube shi ya daɗe.

"Kai kuma mi kake kallo? Hau ka sauko mani da jikkata, kada Uwaisu shi wuce da ita."