Mariƙin da Hama Ya Tafi da Shi

Ranar da Hama zai tafi Jado neman zinariya, ya kwance mariƙin wuƙar injin tur ɗinmu na fere ƙarfe ya jefa a aljihu. Ya ce haka nan ba wanda zai taɓa injin sai ya dawo, har ni. Na ce ya yi rowar ƙarfe, ya ce in jira shi damina ɗaya.

Mu biyu muka haɗa injin nan a rumfar bayan gidansu, da tarkacen da muka riƙa tsinta a kasuwar Dakoro da wani tsohon injin ban ruwa da ke juya shi. Ba sana'a ba ce. Tun da na bar karatun lekol ban iya zama wuri ɗaya, amma in ƙarfe na juyawa wuƙa na fere shi, sai in wuni a tsaye ban sani ba. Mariƙin shi ne guntun ƙarfen da ke damƙe wuƙar daidai tsakiyar abin da ake ferewa. In babu shi, injin juyi kawai yake.

Damina uku suka wuce. Wayar Hama ta daina shiga tun a ta biyu. Kullum Juma'a nakan je in gaida Inna Hamsatu, mahaifiyarsa, in share rumfar, in shafa wa injin mai. Hama ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai dai ta tambaye ni ko akwai labarin abokina, in ce mata babu.

Zan iya ƙera wani mariƙin tun tuni. Na ƙi ne don ina ganin ranar da na yi shi, na yarda ke nan Hama ba zai dawo ba.

Sai ga Yusufu, kawuna na Ajekoriya, ya zo da ƙarfen tsakiyar kurar jan guga ta rijiyarsu, duk ya cinye. Shanu na jiran ruwa, ya ce, ni kuma ina da inji ina yi masa shafe-shafe kamar amarya. Kunya ta kama ni.

Na samo guntun ƙarfen amalanke mai kauri, na yanke shi da zarto. Wuni biyu ina goga masa magagari har ramin da wuƙa za ta kwanta ya fito. Mai sudur, wato mai walda, na bakin tasha ya huda mini ramuka biyu, na sa bulon, kusoshin nan masu noti. Da na ɗaura, sai na ga bakin wuƙar ya sauka ƙasa da tsakiya kaɗan. Na buɗe gwangwanin da Hama ke tara tarkace, na tarar da falle-fallen gwangwanin tumatir da yakan yanka ya cusa ƙarƙashin wuƙa. Nasa mariƙin ma ashe haka ya fito, bai taɓa gaya mini ba. Na ɗauki biyu na cusa, ya yi daidai.

Bayan la'asar na ja igiya, injin ya tashi. Wuƙa ta kama ƙarfe, ya fara zubo siraran zare masu zafi, da wannan kukan da unguwar ta shekara uku ba ta ji ba. Ban yi tunanin in fara shiga in gaya wa Inna ba.

Na ji ana gudu ta cikin gida. Inna ta ɗaga tabarmar ƙofa, ba mayafi, hannunta duk garin gero.

“Hama,” ta ce.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta dubi kusurwar da yakan rataye rigarsa. Na miƙa hannu zan kashe injin, ina ce mata ta yafe mini, ni ne, aikin kawu ne.

“Bar shi, Ɗayyabu,” ta ce. “Kar ka kashe tukuna.”

Ta zauna kan buhun da ke bakin ƙofa, ta juya fuskarta waje inda ba za ta gan ni ba. Ƙarfen kawu ya gama feruwa tun da daɗewa. Na cire shi, na ɗaura wani guntu da ba shi da amfanin komai, na ci gaba da ferewa har man injin ya ƙare.