Tankin da Yake Miƙewa da Safe

Tankin ruwan unguwar yana bisa ƙafafun ƙarfe huɗu ne, a bayan katangar gidan Tela, daidai saitin ɗakin da mahaifiyarsa take kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Ƙafafu biyun da ke wajen gidan tsatsa ta cinye gindinsu. Da safe, lokacin da babu ko ɗigo a cikinsa, tankin yakan tsaya ƙyam kamar ɗan sandan da ke jiran babban baƙo. Amma wajen ƙarfe huɗu na yamma, idan aka kawo wuta injin ya fara turo ruwa, sai ya soma sunkuyowa kan rufin ɗakin tsohuwar, ƙarafan suna wani siririn kuka da ake ji har cikin haƙora.

Tela ya rubuta takardar koke, ya bi gida gida aka sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba suka dangwala yatsa. Ya kai ta ofishin ƙaramar hukuma. Magatakarda ya karɓa da hannu biyu, ya buga mata hatimi, ya ba ta lamba, ya huda kusurwarta ya ɗaure ta da zare a cikin sabon fayil. Babu mai cewa an wulaƙanta takardar nan.

Bayan mako uku Injiniya ya iso a motar ofis, ƙarfe goma na safe. Ya sa aka rataya igiya mai dalma daga saman tankin, ya tsuguna ya auna, ya ce karkatar ba ta wuce yatsa biyu ba, ƙa'ida kuwa ta yarda da uku.

"Ranka ya daɗe, ai yanzu fanko ne," in ji Tela. "Ka dawo ƙarfe biyar ka ga abin da nake faɗi."

"Malam, motar nan sha ɗaya take komawa, ita ce ke ɗauko Ciyaman. Ƙarfe huɗu kuma an tashi daga ofis."

"To a cika shi yanzu mana, a gabanka."

"Da wace wutar?"

Tela ya kai koke na biyu, Injiniya ya sake zuwa da safe, har ya bar masa yadi ya ɗinka masa riga. Ya kai na uku, wannan karon kwamitin kare lafiyar jama'a ne ya zo, mutum biyar, su ma da safe. Suka zaga tankin, ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙafar da makullin mota, suka jeru a gindinsa aka ɗauke su hoto.

Magatakarda ne ya karanta masa sakamakon, a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ake girmamawa: an ziyarci tankin sau uku, an kuma same shi a tsaye sau uku. Tela ya nemi kalma ɗaya ta ƙarya a ciki bai samu ba. Duk a gabansa aka yi.

Ya roƙi mai kula da injin ya riƙa kashewa idan ruwa ya kai rabi. Mutumin ya ce shi cikawa aka ɗauke shi yi, rabi sai da takarda. Maƙwabtan da suka dangwala yatsa suka ce suna tare da shi ɗari bisa ɗari, sai dai ko a cike ruwan ba ya isar kowa.

Ran nan wajen ƙarfe biyar Injiniya ya zo da ƙafa karɓar rigarsa a shagon Tela, wanda ke tsallaken titi. Yana ɗaga kai ya ga tankin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja da baya taku biyu, duk da titi guda na tsakaninsu.

"Wa ke cikin ɗakin can?"

"Mahaifiyata, ranka ya daɗe."

"Ɗan'uwana, ka fitar da ita. Yau, ba gobe ba."

"Gidan ɗaki biyu ne, duk suna ƙarƙashinsa. Tunda ka gani da idonka, sai ka rubuta."

Injiniya ya naɗe rigar ya maƙale a hammata. "Yanzu ba a bakin aiki nake ba. In na rubuta, za a tambaye ni da wace mota na zo, wa ya sa hannu a takardar fitata. Rahoton da ba shi da waɗannan, ko fayil ba zai shiga ba. Ka sake kawo koke. Ni da kaina zan zo."

Tun daga ranar, da ƙarfe uku da rabi ta yi Tela yakan rufe keken ɗinkinsa ya shiga gida. Ya goyo tsohuwar ya tsallaka titi da ita, ya kwantar da ita a kan teburin yanka, tsakanin yadin mutane, har sai mata sun rage ruwan da faɗuwar rana. Matarsa na biye da filo da butar ruwa.

A cikin mako na shida tsohuwar ta ƙi. Ya tsuguna a bakin gadon ya juya mata baya kamar kullum, ba ta motsa ba.

"Yau ka bar ni. Ƙasusuwana sun gaji da jijjiga."

"Inna, hau mu tafi."

"Har yaushe za ka yi ta goyon tsohuwa a titi, masu babur suna tsayawa kallo? Kai ma ga furfura."

Ya zauna a tsugune, gwiwoyinsa na zafi, yana kallon ƙasa. Matarsa ta ajiye filon, ta ɗaga shanyayyen hannun tsohuwar ta ɗora a kafaɗarsa. Tsohuwar ta riƙe ƙarfen gadon da ɗaya hannun, mai lafiyar, ta ƙanƙame.

A bayan katanga injin ya yi tari sau biyu, ya kama.